Jama'a, wane mataki zan nema, na farko ko siniya?

Maman Khairat: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka, kaina ya kulle. Harkar akanta na karanta. Da na gama digiri na yi shekara 4 ina riƙe wa kawuna littafin kuɗi. Ni ce biyan yaransa albashi, ni ce bin bashi, ranar Lahadi ma ba hutu, kuma bai taɓa cewa sannu ba, sai ma matarsa da ta riƙa yawo da ni a dangi wai ina cin kuɗinsu. Daga nan na yi shekara 2 a wani kamfani, na bari. Yanzu ga gurbi biyu a wuri ɗaya: ɗaya an ce matakin farko ne amma ana son gogewar shekara 2, ɗayan siniya, shekara 5 zuwa sama. Jibi za a rufe.

Baban Sultan: Wa alaikumus salam ƙanwata. Waɗannan sunaye ba doka ce ta yanka su ba, kowace ma'aikata da nata awon. A yawancin wurare matakin farko daga sifili ne zuwa shekara 2, matsakaici 3 zuwa 5, siniya daga nan zuwa sama. Amma ki bar kallon suna, ki karanta aikin da aka lissafa. In kin ga “zai taimaka wa”, “ƙarƙashin kulawar”, jiniya ake nema. In kin ga “zai jagoranci”, “zai amince da kasafi”, wanda zai ɗauki laifi in lissafi ya ɓaci suke so. Ki nemi siniya, magana ta ƙare.

Abu Hanif: Matakin farko da gogewar shekara 2? So suke a haifi yaro da haƙoransa. Ni tun da na gama makaranta nake tura CV, ko “mun gani” ba a taɓa ce min ba. Aikin siniya suke so a kan albashin jiniya.

Anti Binta: 'Yata, shekarun wajen kawunki akwai takarda? Na daɗe a sashen ɗaukar ma'aikata, abin da ba shaida ba ma ƙirga shi. Kuma me ya fitar da ke daga kamfanin? Za su tambaya.

Maman Khairat: Anti, wa ke karɓar takarda a wajen kawunsa? Ai aiki na yi, ba wasa ba. Zancen kamfanin kuma a bar shi.

Baban Sultan: Hajiya Binta, da girmanki, ba ko'ina ake haka ba. Inda ake ƙirge da gaske irin Majalisar Ɗinkin Duniya ne: matakin muƙami na P-2 shekara 2, P-3 shekara 5, P-4 shekara 7, P-5 shekara 10. Kamfani kuwa abin da yake fata yake rubutawa. A manyan bankunan zuba jari na Amurka ma “mataimakin shugaba” matsakaicin ma'aikaci ne, suna nan birjik. Suna ba komai ba ne.

Anti Binta: Malam, ai kai ka ce a karanta aikin. Ta taɓa rufe lissafin shekara? Ta taɓa zama da masu binciken kuɗi? Ta taɓa shugabantar wani akanta? Siniya ke nan.

Maman Khairat: Yara 6 ne a ƙarƙashina wajen kawu. Ni dai ba zan koma ina ce wa sa'ar ƙanwata ranki ya daɗe ba.

Ummi: Yaya ki nemi duka biyun mana. Ni ma haka aka yi min, shekara 3 ina koya wa wata aiki, aka tashi aka ɗora ta a kaina.

Anti Binta: Duka biyun a wuri ɗaya? Mutum ɗaya ne zai buɗe takardun, zai ce ba ta san inda ta dosa ba.

Baban Sultan: Na gama magana, siniya.

Maman Khairat: To in na je wajen kawu ya rubuta min takardar yanzu, wane muƙami zan ce ya sa? Ga shi tun bara ba ma ga maciji.