Firosesa ko risiba? Ina son sauti a falo da sauran ɗakuna lokaci ɗaya, a taimaka kafin a rufe min silin

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina kammala ɗan ginina a Rijiyar Zaki, an gama filasta saura POP da fenti, kuma mai POP ya ce duk wayar da zan binne in binne yanzu don in ya rufe ba zai fasa min ba. Abu biyu nake so. Na farko falo ya samu sauti irin na silima saboda ƙwallo da fim. Na biyu in na kunna karatun Alƙur'ani da asuba, ko labaran Freedom, ko tafsiri da azumi, a ji a kicin da ɗakin Hajiya mahaifiyata da tsakar gida lokaci ɗaya amma kowa ya iya rage nasa. Ƙanina yana Ingila zai dawo ƙarshen wata, shi zai taho da kayan. Ya turo min hoton firosesa na Marantz wanda ya ce babu amfilifaya a cikinsa sai an saya daban, da kuma risiba Denon X3800H mai komai a haɗe. Wanda ya taɓa haɗa irin wannan a gidansa don Allah ya faɗa min wanne ya fi, da yadda ake kai sautin sauran ɗakunan.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka sayi sifikar Bluetooth guda uku ka ajiye kowane ɗaki ɗaya, shi ke nan an wuce wajen. Ni haka na yi.

Abu Sumayya:
Ka yi hattara da kayan waje, wutarsu bolt 110 ce, kana jonawa a soket ɗinmu zai yi hayaƙi.

Injiniya Na Sharaɗa:
Abu Sumayya ai ya ce Ingila, ba Amurka ba. Ingila 230 ce kamar tamu, har bakin fulogin mai ƙafa uku iri ɗaya ne da namu, kayan Amurka ne ke zuwa da 120 sai an sa musu taransifoma mai rage wuta. Shi kuma Bluetooth da ƙyar yake wuce mita 10, bulo da kankare suna ƙara yanke shi, kuma yawanci waya ɗaya sifika ɗaya take kamawa, ba abin da Alhaji ya tambaya ba kenan.

Alhaji ga bambancin. Firosesa shi aikinsa ya karɓi sautin ya rarraba shi, wannan gaba wannan baya wannan sama, ya gyara shi daidai da ɗakin, amma ba ya iya motsa sifika ko ɗaya, sai ka sayi amfilifaya mai tashoshi da yawa ka jona, wani lokacin har guda biyu. Risiba kuma firosesa ne da amfilifaya a akwati ɗaya. Wannan X3800H ɗin yana da amfilifaya 9 a ciki, in ka yi falo da sifiku 5 ko 7 za ka iya ware 2 ka tura su wani ɗaki, shi ake kira Zone 2. Kuma yana da mafitar da in ka yi kuɗi gaba za ka ƙara amfilifaya na waje ka mayar da shi kamar firosesan. Ga falon gida irin namu na Kano mai tayil da labule ni ban ga dalilin firosesa daban ba, kuɗin da za ka zuba a can gara ka sa shi a sifika mai kyau da sabufa, wato sifikar da ke ba da duka mai zurfi. Denon da Marantz duka HEOS suke amfani da shi wajen raba sauti ta waifai, Yamaha kuma nasu MusicCast ne, basa jin yaren juna, to duk wanda ka fara da shi da shi za ka ci gaba.

Alhaji Mai Atamfa:
Hmm. Baban Hanifa ka tsaya ka ji nawa tukuna kafin injiniyoyi su ruɗa ka da lambobi. Lokacin da na gina gidana a Hotoro wani yaro aka haɗa ni da shi, aka ce gwani ne har manyan gidaje yake yi wa aiki, ya zo da jaka da kwamfuta yana ta Turanci. Na ce masa daidai abin da ka faɗa ɗin nan, falo da kicin da sashen iyali da baranda. Ya ce ƙaramin aiki ne. Ya karɓi kuɗin waya ya ce jan ƙarfe zalla zai sayo, ya binne, aka rufe POP aka yi fenti muka tare. Ranar da aka kunna daɗi kamar me, har baƙi nake kira su zo su ji. Ba a daɗe ba in an ƙara murya kaɗan sai na'urar ta yi ƙas ta kashe kanta, in ka taɓa samanta kamar dutsen guga. Na kira shi ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi in sayi sitabilaiza, na saya. Ya ce zafin gari ne in sa fanka, na sa. Ranar sunan jikata gida cike da mata aka kunna, sai wari, shi ke nan ta mutu murus a gaban surukaina. Na kai wa wani dattijo mai gyara a Sabon Gari, da ya ji yadda aka yi haɗin sai ya riƙe baki, ashe yaron sifiku 6 na silin ya tara a kan mafita biyu, uku uku, ya murɗe wayoyin waje ɗaya a cikin silin ɗin inda ba mai gani. Wayar ma da aka kankare ta fari ce a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Yaro kuwa ya daina ɗaga wayata, na je shagon aka ce ya koma Abuja. Wallahi har yau sifikun nan suna saman kaina ko tari ba sa yi, matata da 'yar rediyonta ta hannu take jin tafsiri a kicin. Kuɗin bai dame ni kamar yadda ya mayar da ni wawa a gidana ba. Shawarata kar ka binne komai, Allah ya isa tsakanina da shi.

Maman Khalil:
Innalillahi, Allah ya mayar da alheri Alhaji. Mu ma mai wayarin ɗinmu haka ya yi mana da soket ɗin kicin.

Abu Sumayya:
Allah ya saka maka Baba. Yaran yanzu babu tsoron Allah, kowa ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya zama injiniya.

Injiniya Na Sharaɗa:
Allah ya mayar Alhaji, amma ranka ya daɗe laifin ba na binne waya ba ne. Sifika mai om 8, wato ma'aunin yadda take tare wuta, in ka murɗe wayoyin uku waje ɗaya a kan mafita ɗaya nauyin yana sauka ƙasa da om 3, su kuma yawancin risiba ba a yi su don ƙasa da 4 ba, dole ta yi zafi ta kashe kanta, wannan ƙas ɗin da kake ji kariya ce tana roƙon a rage mata kaya. Da ya sa akwatin raba sifiku mai daidaita nauyi da har yanzu tana aiki. Kuma sifikunka mai yiwuwa lafiyarsu ƙalau, a buɗe wajen da ya murɗe a raba wayoyin.

Alhaji Mai Atamfa:
Haka shi ma yake magana, om kaza om kaza. Kai ka taɓa haɗawa a gidanka ko a takarda ka karanta?

Injiniya Na Sharaɗa:
A gidan haya nake Alhaji, amma aikina ne, na yi wa mutane.

Alhaji Mai Atamfa:
To ka gani. Wanda abin ya ƙone wa a hannu shi ya san zafinsa.

Malam Na Ƙofar Mata:
A yi haƙuri da juna. Ni ba injiniya ba ne amma ni ke kula da lasifikar masallacin unguwarmu, muna da sifiku a ciki da sashen mata da haraba da hon a sama duk a kan amfilifaya ɗaya ta Ahuja kuma ba ta ƙonewa, saboda layin bolt 100 ne, kowace sifika da ɗan taransifomanta a jiki, lissafinka kawai ka tara wat ɗinsu kar ya wuce ƙarfin amfilifayar. Waya tana tafiya nesa ba matsala, kuma akwai maɓallin rage murya na bango da ake sa wa kowane ɗaki. In don karatu da rediyo ne Alhaji wannan ya ishe ka a kicin da tsakar gida da ɗakin Hajiya, falo kuma ka bar shi da risibarsa daban, in ɗaya ya lalace ɗaya na aiki. Sai dai ga mai son kiɗa da duka a ƙirji ba zai gamsu ba, gaskiya ɗaya ce.

Ɗan Fagge:
Malam so kake a mayar da gidan bawan Allah masallacin Juma'a, Hajiya tana barci a ce gwaji gwaji ɗaya biyu 😂

Sarkin Zolaya:
Ni tambayata in an ƙara amarya Zone nawa za a ware mata? Don in uwargida ta samu Zone 2 amarya ta ji babu nata, remot ɗin ma sai an kai shi gaban mai unguwa.

Maman Khalil:
Ku dai ba kwa rabo da maganar kishiya. Baban Hanifa ni abin da zan ce, ka tambayi Hajiya da matar gidan ko za su iya da manhaja. Yayana ya sa sifikun waifai na Sonos a gidansa, sauti kam ba a magana kuma duk ɗakunan tare suke tafiya babu wanda ke riga wani, amma Mama ba ta taɓa kunnawa da kanta ba sai ta jira jika ya dawo daga makaranta ya danna mata a waya. Dattijuwa abin murɗawa take so a bango.

Baban Hanifa:
Maman Khalil wannan magana taki ta shige ni, ban yi tunanin haka ba. To nawa ne kuɗin abin a nan gida in ba a jira ƙanin nawa ba? Kuma Injiniya, in falo da kicin suna abu ɗaya ba za a ji amsa-kuwwa ba?

Ɗan Fagge:
Na ga risiba ta hannu a France Road 350k, da remot ɗinta.

Abu Sumayya:
Wace 350k, ni an ce min irin wadda ya faɗa ta haura miliyan biyu a kasuwar Alaba ta Legas, ban da kuɗin mota.

Mai Shago A Beirut:
Duk ku biyun ba abu ɗaya kuke magana ba. Ta 350k tsohuwa ce, ƙila ma ba ta da HDMI na zamani, kuma da yawa tsofaffin nan Zone 2 ɗinsu ba ya ɗaukar sautin HDMI sai na jan waya da fara, ka saya ka je gida kicin ya yi shiru. Sabuwa kuma farashinta da dala yake tafiya, abin da na faɗa maka da safe ba lallai ya kai yamma ba. Alhaji ka yi min magana ta ciki in haɗa ka da mai kawowa daga Dubai.

Alhaji Mai Atamfa:
Ga shi nan an fara, ka yi min magana ta ciki. Haka aka haɗa ni da wancan.

Injiniya Na Sharaɗa:
Amsa-kuwwa tana faruwa Alhaji, don sautin falo yana ɗan jinkiri wajen sarrafawa, amma Denon suna da All Zone Stereo, Yamaha kuma Party Mode, yana daidaita su. Ni dai ko me za ka zaɓa ka sa fayif a bango, kowace sifika wayarta ta dawo waje ɗaya ita kaɗai, jan ƙarfe mai kaurin 1.5 ko 2.5, ka kankare da wuƙa ka gani da idonka kafin ka biya, ka ƙara wayar intanet Cat6 zuwa kowane ɗaki, ka ɗauki hoto kafin a rufe. Sannan kar a kulle na'urar a kabad, zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ke kashe su a garin nan. Wace wuta za ka ba ta ma tukuna?

Abu Sumayya:
Yawwa yanzu aka zo wajen. Duk wannan lissafin da wace wutar? Mu a layinmu in an kawo ma rabi ce, fanka da ƙyar take juyawa, can cikin dare kuma a turo ta da ƙarfi ta cinye firji. Tibina biyu ta ci.

Maman Khalil:
Mu an ce muna Band A, awa 20 a rana aka yi alkawari, tun da aka kai yunit naira 225 a Afrilun 2024 kati yake ƙarewa kamar ana shan sa, awannin kuma Allah kaɗai ya san lissafinsu.

Injiniya Na Sharaɗa:
Shi ya sa na tambaya. In inbata ce ta zama mai tsaftatacciyar wuta, masu arhar nan suna sa amfilifaya gurnani, ƙaramin janareto kuma kar ma a fara.

Ɗan Fagge:
Ku da kuke ganin wutar ma kun ji daɗi. Taransifomarmu tun kafin azumi ta ƙone, an karɓi dubu biyar biyar kowane gida har sau biyu, kwamitin unguwa sun ce sun kai, can kuma an ce ba a ga kuɗi ba.

Alhaji Mai Atamfa:
Ku nemi rasit. Wa ya karɓa, da sunan wa aka rubuta?

Ɗan Fagge:
Wane rasit Alhaji, a ƙofar masallaci aka tara bayan Isha.

Abu Sumayya:
Ai ba ma haƙƙinku ba ne ku sayi taransifoma, na kamfani ne. Mu da muka ƙi biya wata uku muka yi a duhu. Wai don Allah akwai wanda ya sa sola mai batirin litiyom a nan, yana ɗaukar firiza har safe? Kuma nawa aka haɗa masa?