Shawarwarin likitoci kan cutar sankara

A wata tattaunawa da aka yi da likitoci, an fi daɗewa kan tambaya ɗaya: me ya sa sankara ta gagari magani? Likitocin suka ce ba cuta ɗaya ba ce, ta haura iri 100. Ƙwayoyinta kuma daga jikin mutum suke, don haka maganin da zai kashe su yakan taɓa lafiyayyu, shi ya sa gashi ke zubewa. Mafi muni, ƙwayoyin sankarar suna rikiɗa: magani ya kashe yawancinsu, 'yan kaɗan da suka jure su sake yaɗuwa.

Akwai fata dai. Tun 2001 wani magani mai suna Glivec ya mayar da wata sankarar jini cutar da ake daɗewa da ita a raye. Ana kuma zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, binciken da ya ci kyautar Nobel a 2018, sai dai tsadar wannan magani ta fi ƙarfin talaka.

Shawarar da kowa ya nanata: kada a zauna da ƙullutu a nono ana ta shafe-shafe, a garzaya asibiti. A kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV (ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa), wanda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a 2023. A bar taba.