Kashe firiza da dare: tanadi ne ko asara?

Baban Khalifa (Malali): Tun da aka mayar da kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a rana, naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, katin mita ba ya kai mu ƙarshen wata. Na ce a riƙa kashe firiza da dare, iyali sun ƙi. Wannan almubazzaranci ne.

Maman Hanifa (Kawo): Alhaji, ka janye kalmar nan. Matar da take tsare naman miya da kifi kada su lalace ba mubazzara ba ce, kuma a gidaje da yawa kuɗin ƙanƙara da zoɓon da take sayarwa ne ke sayen katin.

Malam (Unguwar Sarki): Hajiya, almubazzaranci shi ne kashe dukiya inda babu amfani, kuma ba a keɓe shi ga mata ba. Alhaji bai ambaci mace ba.

Maman Hanifa: Ya ce iyali, Malam, kuma kowa ya san wa ake nufi.

Mai gyaran firji (Tudun Wada): Ranku ya daɗe, kashewar ba ta rage wani abin kirki, domin da safe kwamfuresa za ta daɗe tana aiki kafin ta dawo da sanyin da ya tsere. A saita firji kan digiri 4, firiza kan 18 ƙasa da sifili, a janye su daga bango da murhu, a narkar da ƙanƙarar da ta taru, a bar tuwo ya huce kafin a saka shi. Idan aka rufe ƙofa a kan takardar kuɗi ta zare da sauƙi, robar ƙofar ta mutu, kuma ta nan wutar take tafiya.

Baban Ummi (Rigasa): Mu da muke wuni babu wuta, wane firiza za mu kashe? Masu wuta ne ke da wannan damuwa.

Baban Khalifa: Biyan kuɗinta muke yi, ba kyauta ake ba mu ba.

Baban Ummi: Mu ma muna biya, Alhaji.

Maman Sadiq, mai kula da zaure: Abin da aka cimma shi ne Alhaji ya yi wa iyalinsa rashin adalci, mai gyara ma ya tabbatar da gaskiyar mata. A bar firiza a kunne, magidanta su biya kuɗin sauya roba. An rufe wannan batu.