Ɗan Gombe da karatun yanayin ƙasashen ƙanƙara, akwai hanya kuwa?

Ɗan Jekadafari:
Salamu alaikum. Ina aji huɗu a sashen fiziks a nan Gombe. Tun ranar da malaminmu ya ba mu labarin ramin ozon (iskar sama da ke tare mana hasken rana mai cutarwa) da Turawan Ingila suka gano a saman Antaktika, nahiyar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, a 1985, raina ya biya in yi digiri na biyu a kan yanayin ƙuryoyin duniya, wato ƙarshen arewa da ƙarshen kudu. Da na gaya wa Baffa, sai ya dire kofin shayinsa ya ce, "Kai da wanka ke gagararka in hunturu ya kama? Karanta abin da zai amfani gonarmu ta Kwami." Na rasa amsar ba shi. A ina ake karatun nan, kuma da gaske bai shafe mu ba?

Na Tashar Dukku:
Baffa ya gama magana! A tashar bincike ta Bostok da ke Antaktika an taɓa auna sanyi digiri 89.2 ƙasa da sifili a 1983. Mu nan da ya sauko 15 sai ka ga ƙato naɗe da bargo a teburin mai shayi. Ƙanƙarar da ka sani ai ta cikin zoɓo ce.

Malamin Jogirafi:
Ƙanena, koma wurin Baffa da ladabi, ka fara masa da riga. Wanda ya sa fara da wanda ya sa baƙa a ranar Afrilu, wa ya fi jin jiki? Haka ƙanƙara take, tana mayar da yawancin hasken rana sama, baƙin ruwan teku kuwa shanyewa yake. Tana narkewa zafi na ƙaruwa, zafin ya ƙara narkar da ita. Shi ya sa ƙuryar arewa ke ɗumama da sauri fiye da ko'ina.

To ga inda gonar Kwami ta shigo. Daminarmu ta dogara ne ga layin da iskar teku mai laima ke haɗuwa da busasshiyar iskar Sahara. Layin ya hauro arewa sosai, mu samu ruwa. In arewacin tekun Atilantika ya fi kudancinsa yin sanyi, sai layin ya noƙe, ya tsaya kudu. Farin 1973 da na 1984, da dattawa ba sa son tunawa, masana na danganta su da irin wannan bambanci. Ruwan da ke narkowa daga ƙanƙarar tsibirin Girinlan da ke ƙuryar arewa kuma ba shi da gishiri, bai da nauyin nutsewa, don haka yana iya rage ƙarfin igiyar ruwan teku da ke kai ɗumi arewacin Atilantika. Ni a ganina, rashin namu a fagen nan ne abin mamaki, ba shigarka ba.

Yaya Hajara:
Kada ka ɗauka yawo za ka yi cikin dusar ƙanƙara. Yawancin aikin a gaban kwamfuta ne. Riƙe lissafi da kyau, ka koyi Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta), ka sauke bayanan yanayin duniya na ERA5, kyauta ne. Gwada aikinka na ƙarshe a kan ruwan Gombe da zafin Atilantika. A gida, jami'ar fasaha ta Akure na da sashen nazarin yanayi. Afirka ta Kudu na da tashar bincike a Antaktika, jirgin ruwansu daga Kef Tawun yake tashi. Akwai kuma cibiyar jami'a ta UNIS a tsibiran Sibalbad na ƙasar Norwe, can ƙuryar arewa, da Turanci ake koyarwa. Can rana ba ta fitowa daga ƙarshen Oktoba har tsakiyar Fabrairu, kuma sai an koya wa ɗalibi harbin bindiga saboda farar beyar.

Ɗan Jekadafari:
Na gode Malam, na gode Yaya. Maganar riga zan kai wa Baffa yau bayan isha'i. Ta bindiga da beyar kuwa, don Allah kada kowa ya bari ta kai kunnen Inna.