Mata-maza, ɗan daudu, ɗan luwaɗi: duk kanwar ja ce?

Alhaji Sabo: Jama'a, ni dai a ganina wahalar da kai ake yi da haruffan nan na LGBT, taƙaicen sunayen masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi a Turance, da kullum ake ƙara musu jela. Yau a ƙara Q, gobe I, jibi alamar tarawa. Ɗan luwaɗi, 'yar maɗigo, ɗan daudu, mata-maza, mai sauya jinsi, duk kanwar ja ce. Turawa ne suka rarraba sunayen don abin ya yi daɗin ji.

Dakta Hauwa: Alhaji, cire mata-maza daga jerin nan tukuna, sannan mu yi magana. Mata-maza halitta ce ta jiki, da ita ake haihuwar mutum. Akwai jaririyar da ƙwayoyin halittarta XX ne, mace sak, amma 'yar tsokar da ke saman ƙodarta ta riƙa fitar da sinadarin maza fiye da kima tun tana ciki, sai a haife ta ungozoma ta duba ta rasa abin da za ta faɗa wa uwa. Wani nau'in wannan matsala yana zubar da gishirin jiki, jariri zai iya rasuwa a makonnin farko idan ba a gano ba. Akwai kuma mai XY, wato ƙwayoyin halitta irin na namiji, da jikinta ba ya amsa sinadarin maza: ta tashi mace, ba wanda ya san komai sai ta wuce lokacin fara al'ada shiru. Wane zaɓi waɗannan suka yi?

Alhaji Sabo: To Dakta, in haka ne me ya kai su cikin haruffan? Ai su suka sa I ɗin da ke nufin mata-maza, ba ni ba.

Dakta Hauwa: Ƙungiyoyin fafutuka ne suka haɗa su, kuma cikin mata-mazan ma akwai masu cewa a raba su da wannan tafiya. A asibiti tun 2006 likitoci suka koma cewa DSD, wato saɓani wajen ginuwar jinsi, shi ma sunan wasu masu abin ba sa son sa saboda yana nuna kamar cuta ce.

Malam Idris: Alhaji Sabo, maganar cewa Turawa ne suka fara rarrabewa ba ta tsaya ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da ware babin hunsa, wato mata-maza. Da shi Shehu Halil ya rufe Muhtasar ɗinsa: a duba ta inda fitsari ke fita, ko gemu ya tsiro, ko nono, ko haila ta zo. In alamu sun rikice shi ne hunsa mushkil, a gado a ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Ka taɓa jin an yi wa ɗan luwaɗi wannan lissafi? Sannan muhannas, namiji mai ɗabi'ar mata, Imamu Nawawi ya kasa shi biyu: wanda haka aka halicce shi ba da gangan ba, babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa. Luwaɗi kuwa sunan aiki ne. Babi uku ke nan, hukunci uku.

Bilkisu: Allah ya saka, Malam. Mu masu fassara labarai wannan ce ke ba mu ciwon kai. Tambayoyi ne daban-daban ake cusawa a kalma ɗaya: yaya jikin mutum yake, me yake jin kansa, wa yake sha'awa, yaya yake tafiya da magana. Ɗan daudu a bakin Bahaushe ta ƙarshen yake amsawa. Akwai masu mata da 'ya'ya a cikinsu. Mai neman maza kuma zai iya zama ƙato mai gemu da ba ka taɓa zarginsa.

Nura: Anti Bilkisu kin tsorata ni, bari in je in aske gemu.

Alhaji Sabo: Nura ba wasa muke ba. Bilkisu, abin da nake gudu shi ne sunan ya wanke aikin. Da can su kansu Turawan cuta suke kiran luwaɗi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Suna canja suna, suna canja matsayi. Mu kuma a ce mu bi su da biro?

Bilkisu: Kawu, shekarun da ka kawo daidai ne. Ƙara da 2019, lokacin da hukumar ta fitar da rashin jituwa da jinsin haihuwa daga babin taɓin hankali ta mayar da shi babin lafiyar jima'i. Amma sanin abin da kalma ke nufi daban, yarda da aikin daban. Idan labari ya zo a kan 'yar tsere Caster Semenya ta Afirka ta Kudu, wadda aka haifa da irin saɓanin da Dakta ta bayyana, na rubuta cewa namiji ne ya koma mace, na yi wa mai karatu ƙarya, na yi wa matar ƙazafi.

Alhaji Sabo: To mai sauya jinsi fa? Wanda jikinsa lafiya lau, ya je a yanka? Shi ma za ku ce babinsa daban?

Malam Idris: Babinsa daban, ko da hukuncin bai yi masa daɗi ba. Yawancin malaman Sunna sun halatta tiyata ga hunsa domin bayyana abin da yake, sun hana ta ga mai cikakkiyar halitta. A Iran kuwa Ayatullahi Humaini ya ba da fatawar halatta sauya jinsi a shekarun 1980, alhali luwaɗi a ƙasar laifi ne mai iya kai mutum ga kisa. Da a wurinsu abu ɗaya ne, da ba su halatta ɗaya sun haramta ɗaya ba.

Alhaji Sabo: Malam, kar ka kawo mini fatawar Iran a nan.

Malam Idris: Ban ce ka yi aiki da ita ba, Alhaji. Kai ka ce Turawa kaɗai ke rarrabewa.

Dakta Hauwa: Ku ci gaba, an kira ni ɗakin haihuwa. Bilkisu, in kin rubuta labarin, turo mini in duba wurin XX da XY ɗin kafin ya fita.