Shin Fredegund ce ta kashe kishiyarta?

Auta: Assalamu alaikum. Yau a aji mun karanta labarin Fredegund, matar Chilperic, ɗaya daga cikin sarakunan Farankawa, mutanen da Faransa ta ci sunansu. Ni dai na gama yanke hukunci, ita ta kashe kishiyarta Galswintha. Fredegund baiwa ce a fada, sarki ya ajiye ta gefe ya auro Galswintha, 'yar Athanagild sarkin Sifen. Ba a daɗe ba, wajajen shekara ta 568 miladiyya, aka wayi gari an shaƙe amarya a kan gadonta, bayan 'yan kwanaki ya auri Fredegund. Wa ya ci riba?

Kawu: Wa'alaikumus salam. Auta, cin riba ba shaida ba ne. Gregory, bishop na garin Tours, ya rayu a zamanin, kuma yawancin labarin daga bakinsa muka ji. Cewa ya yi Chilperic ne ya umarci wani baransa ya shaƙe ta. Zancen shawarar Fredegund sai a wani littafi da aka rubuta fiye da shekara 150 bayan kisan.

Goggo: Ni abin da ya tsaya min a rai ita Galswintha ce. An rabo ta da uwarta da ƙasarta bisa alkawarin zai rabu da sauran matansa. Da ta ga alkawari ya tashi, wulaƙanci ya yi yawa, sai ta roƙe shi ya bar ta ta koma gida, dukiyar da ta zo da ita ma ya riƙe. Macen da ta ce na bar maka komai, ka sake ni kawai, ai ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Ya lallashe ta da daɗin baki, sannan aka tsinci gawarta. Allah ya isa.

Yaya: Goggo, nan ne ma maganar Auta ta yi rauni. Washegarin aure Chilperic ya ba amarya garuruwa biyar kyauta, ciki har da Bordeaux da Limoges da Cahors. In ta koma Sifen ya kunyata a idon surukai, ga kuma rigimar garuruwan nan. Shi ma yana da nasa dalilin, ba sai an zuga shi ba.

Auta: Yaya, kana magana kamar ba ka san halinta ba. A 575 Sigebert, ɗan'uwan Chilperic kuma mijin Brunhilda 'yar'uwar marigayiya, ya kusa gamawa da su. Sai ga mutum biyu da wuƙaƙe masu guba sun soke shi a Vitry. Wa ya turo su? A 586 aka soki Praetextatus, bishop na Rouen, yana tsakiyar ibada a coci. 'Yarta ta cikinta, Rigunth, ta danne mata wuya da murfin akwatin dukiya har sai da bayi suka kawo ɗauki. Duk Gregory ɗin Kawu ne ya faɗa.

Kawu: Shi ne, kuma ki riƙe wannan da kyau. A 573 ya zama bishop da yardar Sigebert, wato ɓangaren Brunhilda. A 580 aka gurfanar da shi gaban bishop-bishop a Berny kan zargin ya ɓata sunan Fredegund da zancen zina, sai da ya yi rantsuwa ya kuɓuta. Mutumin da ke da wannan tsakaninsa da ita, wanda bai ji nauyin ɗora mata jinin sarki da na bishop ba, me zai hana shi ɗora mata na kishiya in da ya ji ƙishin-ƙishin?

Auta: Tsoro, Kawu. Tana raye yake rubutu. Shi ya rasu a 594, ita sai 597.

Kawu: Da tsoro ne da bai rubuta na Sigebert ba.

Goggo: Ba wanke Fredegund nake yi ba, amma a faɗi duka. A 580 annobar atini ta kwantar da 'ya'yanta maza biyu, ta ce hawayen talakawa ne ke bin su, ta jefa takardun haraji a wuta, duk da haka yaran suka rasu. A 584 aka kashe mijinta a Chelles, ta rage da jaririn wata huɗu, Chlothar, har ana shakkar ko ɗan sarki ne. Sai da ta tara bishop uku da manyan ƙasa 300 suka rantse. Ba dangi, ba gidan uban da za ta koma.

Yaya: Jaririn nan ne kuma a 613 ya kama Brunhilda da tsufanta, ya sa aka ɗaure ta a jikin doki marar horo.

Auta: To Kawu, a takardar da zan miƙa zan rubuta cewa Chilperic ne ya ba da umarni, tunda shi aka ambata. Amma har yanzu ban yarda ba ta san da zancen ba. Kwana nawa ma ya yi yana kuka kafin ya mayar da ita ɗaki?

Kawu: 'Yan kwanaki. Rubuta hakan ma, ki nuna inda shaida ta tsaya da inda zatonki ya fara.