Kebul biyu a sabar Samba, amma kwafin fayil bai wuce 112 MB/s ba

Auwalu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai sabar Linux mai Samba 4.17 (manhajar raba fayiloli da Windows) da katin netwok biyu na 1 Gbps, an ɗaure su zuwa swic da LACP, wato tsarin da ke haɗa kebul da yawa su zama kamar hanya ɗaya. Kwamfutar da ke ɗaukar fayilolin Windows 11 ce, ita ma da kati biyu. Idan ana kwafar bidiyo mai 20 GB, gudun yakan tsaya cak a 112 MB/s, kamar kebul ɗaya ne ke aiki. Ina matsalar take?

Malam Ibrahim:
Wa alaikumus salam. Kebul ɗaya ne kuwa ke aiki, kuma haka LACP yake. Ba ya raba haɗin TCP guda gida biyu. Yakan duba adireshi ya ɗora kowane haɗi a kan kebul ɗaya, a nan zai zauna har ya ƙare. Amfaninsa sai kwamfutoci da yawa suna jan fayil a lokaci guda. Wannan 112 MB/s da kake gani shi ne iyakar gigabit ɗaya.

Abin da kake buƙata shi ne SMB Multichannel, wanda ya zo da SMB 3.0 tun Windows 8 da Windows Server 2012. SMB shi ne tsarin da Windows da Samba ke musayar fayiloli da shi. Yana buɗe haɗi da yawa, ya rarraba fayil ɗaya a kansu.

Ka kwance ɗaurin LACP a sabar da kuma swic. Ka ba kowane kati adireshin IP nasa, kuma ya fi kyau su zama a rukuni daban, misali 192.168.10.5 da 192.168.20.5, haka ma a Windows. Dalili kuwa, idan suna rukuni ɗaya, Linux kan amsa tambayar ARP (tambayar wane kati ne ke da wannan adireshi) ta adireshin biyu ta kati guda, sai kaya su sake taruwa a kebul ɗaya. A smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, ka tabbatar akwai `server multi channel support = yes`. Tun Samba 4.15 a kunne yake zuwa, amma wasu na'urorin ajiya suna kashe shi. Ka sake tayar da smbd, wato manhajar Samba da ke aiki a sabar, ka fara kwafi, ana cikin yi ka buga `Get-SmbMultichannelConnection` a PowerShell. In ka ga layi biyu, gudun zai kai wajen 220 MB/s.

Bilkisu:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai kafin a taɓa saiti a gwada faifan ajiya. Faifai ɗaya mai juyawa yakan ba da 150 zuwa 200 MB/s ne a farkonsa, yana raguwa idan ya cika. Ko hanya ta buɗe, shi zai riƙe ka, a sabar ko a kwamfutar da ke karɓa. Maganin sai SSD ko RAID, wato faifai da yawa da aka haɗa su yi aiki tare. A auna kowace hanya ita kaɗai da iperf3, manhajar auna gudun netwok, ya kamata ta nuna kusan 940 Mbps.

A kuma duba gudun kowane kati da `ethtool`. Gigabit na buƙatar dukkan wayoyi takwas na cikin kebul. Ɗaya ta tsinke, katin kan iya saukowa 100 Mbps ba tare da wani gargaɗi ba. Windows kuma katunan da suka fi gudu kawai yake haɗawa, ya bar mai rauni a gefe.

Auwalu:
Na gode ƙwarai. To idan dubban ƙananan hotuna ne fa, shi ma zai ninka?

Malam Ibrahim:
A'a, ɗan'uwa. A ƙananan fayiloli ba faɗin hanya ne ke hana gudu ba, jiran amsa ne: kowane fayil sai an buɗe, an rubuta, an rufe, kowane mataki da kai-komonsa. Maganin shi ne a kwafi da yawa a tare da robocopy na Windows: `robocopy tushe masauki /E /MT:16`. In ka sa /MT ba lamba, takwas yake ɗauka, iyakarsa 128. A faifai mai juyawa kada ka cika lambar, domin allurar karatu za ta yi ta tsalle, gudun ya faɗi.

Idan mai karɓar Linux ce, a haɗa da `vers=3.1.1,multichannel,max_channels=2`. Ga masu NFS, wani tsarin raba fayiloli na Linux, akwai `nconnect`, daga kernel 5.3, har haɗi 16, amma duk zuwa adireshi ɗaya suke tafiya, don haka ya fi amfani a kati ɗaya mai 10 Gbps.